Renon karen Buzaye a ƙasar Gumel

Gidanmu shi ne na ƙarshe ta arewacin gari, a ƙasar Gumel. Daga bayan dangarmu sai gonaki, sai burtali, sai daji. Duk wanda ya taɓa zama a bakin gari da dabbobi ya san wahalar. Dila yana bin 'yan raguna da 'yan awaki da dare, in babbar salla ta matso kuma ɓarayin tumaki su fara zagaye. Ni malamin firamare ne, ina taɓa noman gero da wake da riɗi, abin da na tara kuwa duk yana ɗaure a turke. Shi ya sa bayan kakar 2022 na yanke shawarar neman kare.

Ba wani iri na musamman na nufa ba. Karen gida nake so, mai naɗaɗɗiyar jela, wanda ake gani a kowane ƙauye. Akwai wani dattijo Buzu, aminin marigayi mahaifinmu, da ke kawo raƙuma da raguna kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Danginsa suna can wajen Abalak a jihar Tawa ta Nijar, in ya shigo Najeriya kuma a zaurenmu yake sauka. Na yi masa maganar muna shan shayi, ya saurara bai ce uffan ba. Da ya sake zagayowa sai ga shi da kwando an lulluɓe da tsohon bargo. A ciki kwikwiya ce 'yar kimanin wata biyu, ja mai haske, ƙafafunta huɗu farare, da fari a ƙirji da kan jela. Ƙafafun sun yi wa jikin tsawo har tana harɗewa in ta tashi tafiya.

Na kai hannu aljihu, ya riƙe ni. Ya ce, "Ɗana, wannan ba ta sayarwa ba ce, kyautarta ake yi ga wanda aka yarda da shi. Abin da nake roƙonka, kada ka buge ta. In ka buge ta za ta ci gaba da cin abincinka, amma ta daina zama taka." Na ce, "To Baba, in ta yi ɓarna fa?" Ya ce, "Muryarka ta ishe ta. Kuma kada ka bari ta wuni a sarƙa."

Kafin a kai ga abinci da magani sai da aka warware maganar addini, domin Inna ba ta ji daɗi ba. Ta ce, "Yanzu kare za ka ajiye mana, mala'ikun rahama su ƙaurace wa gidan?" Ban yi musu da ita ba, na tafi wurin limaminmu. Ya kawo mini hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa wanda ya riƙe kare ana rage masa lada kullum, in ban da karen farauta ko na kiwo ko na gona. Ya ce nawa ya shiga na kiwo. Ya ƙara da cewa a ware mata wurinta da kwanonta, kada ta shiga ɗakuna, in kuma ta sa baki a ƙwaryar gida a wanke sau bakwai. Sannan ya tuna mini mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, ya ce tunda na ɗauko ta, cinta da shanta da lafiyarta sun hau kaina. Da wannan na koma wa Inna, ta ce to Allah ya sa alheri. Na kafa wa kwikwiyar 'yar rumfa ta karan dawa a jikin garke, can bayan gida, inda take ganin tumaki su ma suna ganinta. Yara suka sa mata suna Walƙiya.

Mu dai karen Buzaye muke cewa. A bakin malamin dabbobi na ƙaramar hukumarmu na fara jin sunan da duniya ta san irin da shi. Ya juya ta, ya duba ƙirjin da ƙafafun, ya ce, "Malam, ka san abin da aka ba ka kuwa? Wannan ai Azawak ce." Sunan wani kwari ne mai faɗi da ya ratsa iyakar Mali da Nijar, tun daga wajen Menaka har zuwa arewacin Tawa. Buzaye da Fulani da sauran makiyaya na Mali da Nijar da Burkina Faso sun daɗe suna riƙe da wannan kare, yana tsaron zango da dabbobi, yana kamo musu barewa da zomo. A farkon shekarun 1970 aka fara fita da shi Turai, zuwa Yugoslabiya da Faransa, babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka kuwa sai a 2019 ta shigar da shi cikakken jerinta. A can ana lissafa shi cikin karnukan da ba kasafai ake samu ba, kuma abokin zama suka ɗauke shi. Abin da ya fi yi mini amfani a bayanin malamin shi ne awon jiki. Mace in ta gama girma tsayinta daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 60 zuwa 70 ne, nauyinta kilo 15 zuwa 20 kacal. Namiji santimita 64 zuwa 74, kilo 20 zuwa 25. Ya ce in riƙe wannan lissafin da kyau, domin akwai ranar da mutane za su fara cewa ina horar da ita da yunwa.

Maganin tsutsar ciki ya fara ba ta. Ya ce yawancin kwiyakwiyai da tsutsa ake haihuwarsu, ko su sha ta a nonon uwa, shi ya sa za ka ga ciki ya kumbura jiki na ramewa. Ana maimaita maganin duk mako biyu har kwikwiyo ya kai wata uku, daga nan duk wata har ya kai wata shida, bayan haka duk wata uku. Da nauyi ake auna shi, don haka nakan sa ta a buhu in rataye a sikelin masu sayen riɗi kafin a ba ta.

Allurar riga-kafi ce ta fi wahalar samu. Iri biyu ce. Ta farko tana haɗe da maganin cututtuka da dama, mafi muni a cikinsu wadda likitoci ke kira farbo, mai sa kwikwiyo amai da gudawar jini mai wari, cikin 'yan kwanaki ya bushe ya mutu. Ana fara ta daga mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk mako uku ko huɗu har kwikwiyo ya kai mako 16. Ba a ajiye ta a wajenmu, daga Kano aka aiko da ita cikin kula da ƙanƙara, domin in ta ɗauki zafi a hanya ta lalace, ko an yi ta ba ta tsare komai. Wannan ya sa ban yarda da masu yawo da allura a aljihun riga ranar kasuwa ba. Kafin a kammala allurar ban bar ta ta taka inda karnukan gari ke kashi ba, saboda ƙwayar cutar tana daɗewa a ƙasa watanni da yawa. A ranin nan na ga wani mafarauci ya rasa 'ya'yan karyarsa ɗaya bayan ɗaya da irin wannan gudawa, yana cewa sammu aka yi musu.

Ta biyu ita ce ta haukan kare, ana yin ta in kwikwiyo ya cika wata uku, a sabunta duk shekara. Ita wannan a nan gida ma ana yin ta, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato. A kan wannan allura ba na sassauci da kowa, domin maganar ran yaranmu ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 15 su ne kimanin kashi 40 cikin ɗari. In alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum babu sauran magani. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko neman gashin karen. Katin allurar Walƙiya yana cikin jakar da nake ajiye takardun gona.

Duk wannan aiki ne na kuɗi da zirga-zirga, kowa zai iya. Inda haƙurin mutum ke fitowa shi ne wajen halinta.

Kwikwiyon gida in ka tsuguna ka kira shi, da gudu yake zuwa yana kaɗa jela. Ita ba haka ba. A farko in na shiga garke sai ta ja baya ta shige ƙuryar rumfa tana kallona, ba tsoro sosai ba, nazari take. Ban matsa mata ba. Da la'asar nakan ɗauki littattafan ɗalibai in zauna a gindin turke ina dubawa, ban kira ta ba, ban kai mata hannu ba. Abincinta ni nake kai mata da hannuna, in ajiye in koma gefe. A hankali ta fara matsowa tana shinshina takalmina, har ranar da ta zo ta kwanta ta jingina bayanta da ƙafata. Daga ranar in na fita makaranta tana bakin danga, in na dawo tun kafin a hango ni ta san ƙarar babur ɗina a cikin na mutane.

Mutanenta ƙidayayyu ne. Ni, da maiɗakina, da yaranmu, musamman babbar 'yata wadda ke zuba mata ruwa. Inna ba ta taɓa shafa ta ba kuma ba za ta shafa ba, amma in ta fita gona tsinkar zoɓo, Walƙiya tana biye da ita daga nesa, in ta zauna hutawa ita ma ta kwanta inda take hango ta. Inna da kanta ta ce mini wata rana, "Wannan karyar taka tana da kunya." Na ga ta faɗi daidai. Ba ta tsalle a jikin mutum, ba ta lasar hannu, ba ta tsayawa a kan mai cin abinci tana zuba masa ido.

Baƙo kuwa ba ta da harka da shi. Za ta tsaya can nesa, kai a sama, tana bin sa da kallo har ya zauna. In ta ga na yi masa maraba sai ta koma ta kwanta, amma ido na kansa. Wanda ya ce sai ya shafa ta, za ta kauce. In ya bi ta har ya tsare ta a lungu, to zai ji gurnani. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin mugunta, wasu girman kai, ni kuma na fahimci haka aka halicce ta, kakanninta a zangon makiyaya suka rayu inda baƙon dare ba lallai alheri ya kawo shi ba. Ba na ƙoƙarin mayar da ita mai son kowa. Abin da nake gaya wa baƙi shi ne kada su miƙa mata hannu, kada su kafa mata ido, su yi kamar ba ta wurin.

Sai dai irin wannan hali in aka bar shi ba gyara yakan koma firgita, karen da ke firgita kuwa shi ne mai cizo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da aka gama allurai na fara fita da ita da igiya, mu bi burtali, mu tsaya nesa da rijiya lokacin da Fulani ke shayar da shanu, mu zauna a gefen hanya ta ji babura da amalanke da kukan jaki da injin niƙa. In abu ya ba ta tsoro ba na jan ta zuwa gare shi, ba na kuma ɗaukar ta ina lallashi. Ina tsayawa ne kawai har ta natsu ta shinshina iska, sannan mu wuce. Tun kafin allurai su kammala ma nakan sa 'yan'uwa da maƙwabta su shigo garke su zauna mu yi hira tana ji, domin watannin farkon nan su ne lokacin da kwikwiyo ke karɓar sabon abu cikin sauƙi.

Babbar matsalar da na fuskanta a wannan lokaci jifa ce. Yaranmu sun tashi sun ga ana jifan kare, in sun gan shi hannu da kansa yake neman dutse. Na bi gidajen maƙwabta na roƙi iyaye, a makaranta ma na yi wa ɗalibai magana, na gaya musu dabba ce mai rai kuma za a tambaye mu a kanta. Yawanci sun ji. Akwai yaro ɗaya da ya same ta da hoge tana ƙarama, yau ya zama saurayi, amma har yanzu in ya biyo ta bayan danga haushin da take yi masa daban ne. A nan na ƙara gane dalilin gargaɗin Baba game da duka. Wannan kare ba ya mantuwa.

Koyarwa ba ta ɗauke mu da nisa ba, kalmomi kaɗan nake bukata: zo, bari, kwanta. Ina riƙe ɗan ɓarin ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi a aljihu, in ta yi daidai in ba ta nan take. Tana ganewa da wuri, amma ba ta son nanaci. In ka sa ta abu ɗaya ta yi, ka sake ta yi, ka ƙara sakewa, sai ta juya ta tafi abinta. Don haka ɗan lokaci kaɗan nake ɗauka, in bari tun tana marmari. In ta yi ba daidai ba, "bari" ɗaya da kakkausar murya ya isa ta sunkuyar da kai.

Da tumaki sai da aka sa ido. Tsakanin wata biyar zuwa takwas wasa ya yi mata yawa, 'yan raguna in sun zabura sai ta bi su. Wasa ne a wurinta, amma irin wasan da ke ƙarewa da jini. A lokacin ba na barin ta da ƙananan dabbobi sai ina wurin, da doguwar igiya a wuyanta, tana zabura in taka igiyar in ce bari. Wata tsohuwar tunkiya mai faɗa ma ta taya ni, ta tunkuye ta ta koya mata ladabi. In dabba na haihuwa ina fitar da ita, in binne mabiyiyar, don kada ta saba da ɗanɗanon jinin garke. Yanzu 'yan awaki a jikinta suke kwana. Ba ta kora dabbobi kiwo ko ta tattaro su, ba aikinta ba ne. Tsaro ta sani. Da dare takan zagaya danga, haushinta kuma ya fi ƙarfin jikinta, wanda bai gan ta ba zai zaci ƙaton kare ne. Na koyi bambance haushin dila da na mutum, na mutum ba ya yankewa sai na fito da tocila. Tun da ta girma ban sake rasa dabba da dare ba, alhamdu lillahi.

Gudu kuwa a jininta yake, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In an gama girbi gonaki sun zama fili, bayan sallar asuba nakan fita da ita can bayan gari in kwance igiya. Takan ɗan yi sassarfa, sannan ta miƙe, ta naɗe jiki ta warware, ƙafafu huɗu duk a sama, ƙura na binta. In ta yi wannan ta dawo, wuni take a kwance lafiya lau. Ranar da ba ta samu ba kuwa za ta haƙa ramuka a garke, ta tauna igiya, ta yi ta kai da kawowa. Wanda ba shi da fili, ko ba shi da lokacin fita da ita, kada ya karɓi wannan kare ko kyauta aka ba shi. Da ido take farauta, hanci na biye ne. Abu in ya motsa a nesa, ko zomo ko kurege, ta riga ta tafi kafin ka buɗe baki, kuma a wannan lokacin kira ba ya shiga kunnenta. Ta taɓa kama zabuwar maƙwabcinmu a haka. Na je na ba shi haƙuri na biya, daga nan ba na kwance ta sai mun wuce inda zabi da kajin mutane ke kiwo, kuma ba na yarda mu kusanci titin mota. Da damina in shuka ta tashi, burtali da makiyaya kawai muke bi, don kada ta tattake wa mutane wake. Malamin dabbobi ya ja mini kunne kada in sa ta dogon gudu kafin ta shekara ƙashi ya yi ƙwari, kuma kada ta yi gudu da cikakken ciki, domin karnuka masu zurfin ƙirji cikinsu kan iya murɗewa.

Maganar da ya yi hasashe ta zo. Duk wanda ya gan ta sai ya ce, "Malam, ba ka ba ta abinci ne?" Haƙarƙarinta uku zuwa biyar a fili suke, ƙasusuwan ƙugu sun ɗago, ciki ya shige sama. Haka irin yake, fatar siririya ce kuma ba ta tara kitse a ƙarƙashinta. In ka cika ta da abinci har haƙarƙarin ya ɓace, ka ɗora wa siraran ƙafafun nan kayan da ba nasu ba. Ramar yunwa ko ta ciwo daban take: gashi ya dushe, cinya ta zube, dasashi ya yi fari, kare ya kasa tashi da kuzari. Ita cinyarta cike take da tsoka, gashinta na sheƙi. Abincinta ba wani na kanti ba ne. Tuwon gero ko na dawa da kindirmo shi ne ginshiƙi, irin abin da Buzaye ke ba su, gero da nono. Ina ƙara mata dafaffen ƙwai, da garin busasshen kifi, da wake in ya dahu lugub, ranar kasuwa kuma in karɓo mata kayan ciki wurin mahauta. Tana ƙarama sau huɗu take ci a rana, ya koma uku, yanzu safe da yamma. Ba a zuba mata ragowar miya, saboda albasa tana lalata jinin kare, ga yaji da gishiri. Ƙashin kaza dafaffe ma ba a ba ta, yana tsagewa ya soki hanji.

Kayan cikin nan sai an dafa. Wannan ya shafi duk mai kare da tumaki, ko wane irin kare ne. Akwai huhu da hanta da mahauta ke yarwa saboda wasu ƙulli masu ruwa a ciki, karnuka su kwashe. Ƙullin nan 'ya'yan tsutsa ne. Kare ya ci, tsutsar ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita a kashi ya hau ciyawa, dabbobi su ci, mutum ma yana iya ɗauka ta hannu. Haka kan tunkiyar da ta mutu da ciwon juwa, wadda ke ta zagaye wuri ɗaya: in kare ya ci ƙwaƙwalwar, shi zai mayar da ciwon cikin garke. Don haka mushe a wurina binne shi ake yi da zurfi, kashin Walƙiya kuma kullum ana kwashewa, yara su wanke hannu da sabulu in sun taɓa ta.

Zafin bazara bai dame ta ba, takan haƙa ɗan rami a inuwar darbejiya ta kwanta, in dai akwai ruwa a kaskonta. Hunturu ne abokin gabarta. Cikinta kusan babu gashi, in iskar arewa ta taso sai ka ga tana rawar ɗari. Na kewaye rumfar da zana ta gabas da arewa, na shimfiɗa mata buhu cike da ƙaiƙayi, maiɗakina kuma ta gyara mata tsohuwar rigar sanyin yaro tana sa mata da dare. Ruwan sama ma ba ta ƙaunarsa, hadari na haɗuwa ta shige rumfa.

Damina ita ce lokacin aiki. Kaska tana yawa, kullum da yamma sai na duba cikin kunnuwa da tsakanin yatsu da wuya, in cire da hannu a hankali har da kan, in jefa a kananzir. Kaska ba jini kawai take sha ba, tana sa zazzaɓin da ke farar da dasashi ya kashe kare. Akwai kuma ƙudan da ke yin ƙwai a ƙasa inda dabba ke fitsari, tsutsar ta huda fata ta zauna, wurin ya kumbura da ɗan rami a tsakiya. In an shafa man shafawa mai kauri a toshe ramin sai ta leƙo, a matse ta fito. Maganin abin shi ne wurin kwana ya zama mai tsabta, a riƙa sauya yashin. Mutane da yawa sun ba ni shawarar in wanke ta da maganin feshin wake, ko in shafa mata baƙin mai wai yana kashe ƙazuwa. Na ƙi, kuma ina roƙon duk mai kare ya ƙi. Guba ce, tana ratsa fata, ballantana fata irin tata. Maganin wanka na dabbobi akwai shi, malamin dabbobi ne ke auna yawan ruwan da za a haɗa. Ƙwayoyin ciwon jiki na mutane ma ba a ba kare. In ƙaya ko waya ta yanke ta, da ruwan gishiri mai ɗumi nake wankewa, in yankan ya yi zurfi in kai ta a ɗinke. Wasu mafarauta sun ce in yanke mata kunne wai ta fi jin motsi. Kunnenta yana nan yadda Allah ya yi shi, kuma babu abin da ke wuce ta.

Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka, kasuwar Maigatari ta yi sanyi, Baba ya daina zuwa. A cikin wannan tsakanin ne, Walƙiya ta haura shekara, ta fara neman namiji. Karnukan gari suka yi sansani a bayan danga dare da rana. Kusan mako uku abin ke ɗauka, a duk tsawonsa tana cikin tsohon ɗakin ajiya mai ƙofa, ba ta fita sai da igiya a hannuna. Karyar gida sau biyu take yin haka a shekara, irin nata kuwa galibi sau ɗaya ne, kuma haka na gani a wurinta. Malamin dabbobi ya ce in ba na son ta haihu ana iya yi mata aiki, amma kada in yarda a yi shi a ko'ina. Karnuka marasa kitse irin wannan ba sa jure wasu magungunan sa barci yadda sauran ke jurewa, sai wurin likitan da ya san haka, a Kano ko asibitin koyarwa na dabbobi da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Tun daga lokacin masu neman 'ya'yanta ba su daina zuwa ba, mafarauta sun fi yawa, har da masu cewa in haɗa ta da nasu karnukan mu raba. Ban amsa wa kowa ba. Najeriya ta buɗe iyakarta a Maris na 2024, na aika saƙo can Abalak cewa in da hali a zo mini da namiji irin nata, za a yi masa allurar hauka da maganin tsutsa a nan kafin a haɗa su. Ciki kimanin kwana 63 ne, don haka nake so abin ya dace da bayan girbi, lokacin da gero da nono ke wadace. Masu nema kuwa na gaya musu zan zo in ga inda kwikwiyon zai kwana da wanda zai riƙa fita da shi, kuma kuɗin allurai a hannun malamin dabbobi za su ajiye tun kafin a yaye.